Abin da Philip Yake Nema a Mashayar Shanu

Babu wanda ya taɓa duban ƙafar Philip Mai-inji sai Zulai'atu. Masu zuwa rumfarsa a bakin ruwan Warra hannunsa suke kallo, domin hannun ne ke tayar musu da injin jirgi in ya ƙi tashi. Ita kuwa wuni take a kan kujera 'yar tsugunno tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar shinkafa, don haka duk wanda ya wuce ƙafarsa take fara gani. Ta haka ta lura cewa kullum da hantsi, in ya iso rumfa, akwai ɗanyen kashin shanu a gefen takalminsa. Philip ba shi da saniya, ko akuya ba shi da ita. Hanyar da ta taso daga gidansa zuwa bakin ruwa kuwa yashi ce da tsakuwa, ba garken da ke bi ta nan.

Da a ce shekara goma baya ne, da zolayarsa za ta yi, ta tambaye shi ko ya fara neman auren Bafulatana. Amma zamani ya sauya. Yanzu mutum ba ya ganin abu ya yi dariya sai ya fara tambayar kansa me ke ƙarƙashinsa.

Shekara ashirin da biyu ke nan suna maƙwabtaka a wurin sana'a, rumfarsa ta kwano, tata ta zana, tsakaninsu taku shida. Ta san tarihinsa kamar yadda kowa ya sani. A wani ƙauye na kan tudu bayan Ngaski aka haife shi, gidan manoma dawa. Yana da shekara goma sha bakwai ya gangaro bakin ruwa da ƙullin kayansa, bai iya iyo ba, Hausarsa ma da kyar. Har yau in ya yi magana ana jin harshen gidansu a ciki. Ya fara da tuƙin kwale-kwale, ya koma riƙe inji, daga nan ya koyi buɗe cikinsa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ta bar masa ɗiya guda, Hannah, wadda take aikin jinya a Sakkwato. Ranar Lahadi yakan rufe rumfa ya tafi coci, ranar Juma'a kuma yakan rufe da azahar don ba mai zuwa.

Abin da ya bambanta shi da sauran makanikai ya samo asali ne tun yana saurayi. Wata Baturiya ta zo aikin ƙidayar kifin tafki, shi ya riƙe mata jirgi shekara biyu. Da za ta koma sai ta bar masa wani littafi mai kauri, cike da hotunan malam-buɗe-littafi na ƙasashen duniya. A aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a kan wannan littafin ya ƙarasa koyon karatu, shafi bayan shafi, da yatsa mai baƙin mai. Tun daga lokacin duk wanda ya kawo inji sai ya tafi da labari, ko yana so ko ba ya so.

Philip zai riƙe sifana yana kwance farfela, ya ce, "Ka san da ƙafa suke ɗanɗana abinci? Shi sauka kan ganye kawai, ya san ko na ci ne."

Mai jirgi ya ce, "Baba Philip, fasinja na jirana."

"Akwai wani a wani tsibiri can bayan duniya, Papua sunan wurin. In ya buɗe fukafukai ya fi faifan Zulai faɗi. Wani kuma a Amurka, daga Kanada yake tashi har Meksiko, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Legas sau huɗu. Ba mai, ba fulogi."

"To ka saya mini shi in huta da kai."

Philip ne ya nuna wa Zulai'atu cewa malam-buɗe-littafi mai jan fiffike da ɗigon fari, wanda ke yawo a kan tumfafiyar bayan rumfarta, tsuntsu ba ya cin sa, domin tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin ya zauna a jikinsa. Ta ce masa ita ba ta ga amfanin wannan ilimin ba tun da ba a miya da shi. Mutanen bakin ruwa sun ɗauki abin a matsayin tasa 'yar taɓuwar, wadda ba ta cutar da kowa. Wani tasa caca ce, wani siyasa.

Sauyin ya fara ne bayan Kirsimetin bara, da Hannah ta zo ta kawo masa babbar waya mai ɗaukar hoto. Mutumin da a da yake riga Zulai'atu fitowa ya koma sai rana ta ɗaga. Surutunsa ya ragu. Wayar za ta yi ƙara a aljihu, ya goge hannu da sauri, ya juya baya, ya karanta yana murmushi shi kaɗai. Sai kuma ga kashin shanun.

Ana cikin haka, da kaka ta kama, aka kore garke guda a mashayar Gawo, tafiyar awa ɗaya daga gari. Da rana tsaka aka yi, mutane a kan babura, shanu arba'in da wani abu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sun zo daidai ranar da mazan rugar suka tafi kasuwa, daidai lokacin da shanun suka gangaro sha. Daga ranar magana ɗaya ce a bakin kowa, a wurin mai shayi, a cikin jirgi, a gindin murhun Zulai'atu: da ɗan gari akan ci gari. Akwai infoma.

Kowa kuma ya san abin da ke samun wanda aka kira da wannan sunan. A wani ƙauye ta wajen Shanga, wani mai cajin waya aka nuna wa yatsa. 'Yan sa-kai suka shiga daji da shi, suka dawo ba shi. Bayan wata uku aka fara cewa a hankali wai ba shi ba ne.

Zulai'atu tana da nata dalilin rashin barci. Duk abin da ta mallaka a duniya farar saniya ce da 'yarta, waɗanda ta saya da abin da marigayi mijinta ya bari, ta ba Jauro Aliyu kiwo. Garken Jauro a mashayar Kuka yake sha. Wata safiya ta bar tukunya a hannun maƙwabciya, ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta ruga sayen nono, alhali nonon har bakin rumfarta ake kawowa.

Ta iso mashayar shanu sun gama sha suna haurawa. A nan ta gan shi. Philip, dattijo mai furfura, kwance rub da ciki a cikin taɓo, ya miƙa hannu da waya. A gabansa ƙasa ta rufe da malam-buɗe-littafi, farare da masu ruwan ƙwai, sun fi ɗari, sun jeru a kan danshi kamar an shanya wanki. Ta laɓe bayan kuka tana kallo. Ya ɗauki hoto, ya ja jiki gaba, ya sake ɗauka. Can ya tashi zaune, leɓɓansa na motsi kamar mai ƙidaya, ya danna wani abu a wayar. Da ya ɗaga ta sama yana neman sabis, fuskar wayar na kallon garken, farar saniyarta na tsakiya.

Ƙwarin yake ƙidayawa ko shanun? Daga inda take ba za ta iya cewa ba. Ta koma gari ƙwaryarta wayam.

Da azahar ya zo cin abinci kamar kullum, ya zauna a bakin benci. Ta zuba masa shinkafa, ta ɗora kan tarwaɗa, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Baban Hannah, kwanan nan rana na riga ka fitowa."

"Tsufa, Hajiya."

"Tsufan ne ke kai ka mashayar Kuka?"

Ya tsaya da loma a hannu. Ta lura da tsayawar. Sannan fuskarsa ta washe, ya matso.

"Ashe kin gan ni. Kin ga yawansu? Inda shanu sunka yi fitsari a kan danshi, nan suke taruwa. Gishiri suke sha. Kuma kusan duk maza ne, su kai wa matansu, ƙwai shi yi ƙwari. Ki duba, ko ƙwaro ya san cefane."

"Kai ma ka je shan gishirin ne?"

"Hoto nake ɗauka."

"Ka kai wa wa?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane?"

"Ba ki san su ba. Ni ma ban taɓa ganinsu ba."

Ya faɗi haka yana tauna, hankali kwance. Ita kuwa ludayin da ke hannunta sai da ya yi mata nauyi. Ta tambaye shi ko yana zuwa mashayar Gawo. Ya ce yana zuwa mana, can ma ya fi samu, amma tun da abin nan ya faru ba shanu, ƙwarin ma sun watse. Ya ce abin da ban takaici. Ba ta gane ko shanun yake wa takaici ko ƙwarin ba.

Kwana shida ta riƙe maganar a ciki. Ta san zato zunubi ne. Ta tuna ranar da jirgi ya kife da 'yan kasuwa, Philip ne ya fara tayar da inji ya shiga ruwan. Ta kuma tuna cewa mai cajin wayar can ma an ce mutumin kirki ne, kuma wanda ya sayar da garken Gawo, ko wane ne, ai shi ma wani yana gaishe shi da safe. In ta yi shiru aka kore garken Jauro, da wane baki za ta ce ta gani? In ta yi magana aka shiga daji da shi, da wane ido za ta dubi Hannah? Shinkafarta ta kama sau biyu a makon.

Ɗanta Nasiru shi ne mataimakin shugaban 'yan sa-kai na unguwar bakin ruwa, magidanci mai 'ya'ya uku, mai saurin hannu. A rana ta bakwai da ya biyo gaishe ta, ta ja shi bayan rumfa ta faɗa masa abin da ta gani.

"Tun yaushe, Inna?"

"Ya kwan biyu."

"Kika yi shiru?"

"Dubawa na ce a yi, Nasiru. Ka ji ni? A duba. A zauren Sarkin Ruwa, gaban mutane, ba a daji ba. In ka kai shi daji ban yafe ba."

Ya gyara ratayar bindigarsa ya tafi.

Washegari da hantsi suka zo su uku. Philip na tsugune yana wanke kafireta a cikin gwangwanin fetur. Nasiru ya gaishe shi, ya kira shi Baba kamar yadda ya saba tun yana yaro, sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar. Philip ya dubi hannun, ya dubi mutum biyun da ke baya, sannan ya waiwayo ya dubi Zulai'atu. Ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Kafin su kai zauren Sarkin Ruwa Ɗahiru mutum talatin sun bi bayansu. Ta sauke tukunya, ta ja mayafi, ita ma ta bi, ta tsaya daga bakin ƙofa inda mata ke tsayawa.

Sarkin Ruwa tsoho ne mai magana a hankali. Ya sa aka ba Philip tabarma, ya aika a kira Jauro Aliyu, wanda ya shigo gari sayen kanwa. Sannan ya ce a buɗe wayar.

Da farko abin dariya ya zama. Nasiru na shafa fuskar wayar da yatsa, hoto bayan hoto, duk abu ɗaya. Fari, rawaya, mai baƙi da ɗigo, mai wutsiya kamar ta tsattsewa. Wani daga baya ya ce a duba da kyau ko akwai mai riƙe da bindiga a cikinsu. Philip ya ɗan saki jiki, har ya fara bayani. Ya ce a duniya an san iri kusan dubu ashirin, Nijeriya kaɗai tana da fiye da dubu, kuma ba nahiyar da ba su sai can ƙarshen kudu inda ƙanƙara ba ta narkewa. Ya ce Hannah ce ta buɗe masa wani shafi a intanet inda mutum ke sa hoton abin da ya gani, masana daga ko'ina su faɗa masa sunansa. Akwai wata a Kenya, akwai wani dattijo a Ingila da ke amsa masa kusan kullum. Ya ce a bakin tafkin nan duka, daga Yelwa har Warra, kafin shi ba wanda ya sa ko ɗaya.

"Nuna musu wanga," ya ce wa Nasiru, yana miƙa wuya. "Mai launin ƙasa da ja. A mashayar Gawo na same shi, fukafukansa duk sun yage. Wani malami a ƙasar Sifen ya rubuto ya ce irinsu daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su zo nan su yi ƙwai in damina ta ƙare. Ya ce ya daɗe yana neman wanda zai gan shi a wannan yankin."

Nasiru ya danna hoton. A ƙarƙashinsa wani abu ya buɗe, ya tsaya yana kallo. Ya sake dannawa, ya buɗa yatsu biyu. Dariyar da ke fuskarsa ta tafi.

"Ranka shi daɗe, a duba nan."

Taswira ce. Ga shuɗin tafki, ga gaɓa, ga jajayen ɗigo sun jeru a bakin ruwa kamar 'ya'yan carbi. Nasiru ya fara karantawa da ƙarfi, yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Mashayar Kuka. Bakin Dutse. Mashigin Giginya. Gawo. Duk inda garke ke sauka sha a ƙasar nan, akwai ɗigo a kai. Kowane ɗigo da ranarsa da lokacinsa, har minti. A wasu hotunan, bayan ƙwaron, ana ganin ƙafafun shanu, a wani ma har da tambarin da aka yi wa saniya a cinya. Na ƙarshe a Gawo kwana uku ne kafin a kore garken.

Daga waje ana jin wani inji yana ƙoƙarin tashi yana mutuwa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Malam Philip, wanga abu, wa ke iya ganinsa?"

"Masanan."

"Su kaɗai?"

Zulai'atu na kallon fuskar Philip daga gefe. Ta ga lokacin da abin ya isa gare shi, ko kuwa lokacin da ya nuna kamar ya isa. Ba ta iya bambancewa ba.

"Duk mai waya," ya ce a hankali. "Kowa."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce ai magana ta ƙare. Wani ya ce shekara arba'in ana ciyar da maciji. Ɗaya daga cikin mutanen Nasiru ya matso bayan Philip ya tsaya, kusa har gwiwarsa na taɓa kafaɗarsa. Philip bai motsa ba. Yana ta maimaitawa cewa wayar ce ke sa wurin da kanta, shi ƙwarin yake bi, ƙwarin kuma shanu suke bi. Ba mai sauraro.

Jauro Aliyu ne ya buga sandarsa a ƙasa. Dogon tsoho ne siriri, Hausarsa da karin Fulatanci.

"Abin da ya faɗa na fitsari gaskiya ne. Mu tun muna yara, in saniya ta ɓace, inda munka ga waɗanga ƙwari sun taru a ƙasa, mun san ta wuce nan ba da jimawa ba. Wanga mutum kuma wata goma yana bin bayan garkena. Shanuna sun san warinsa, ba su ɗaga kai. Bai taɓa tambayata nawa ne ba, bai taɓa tambayata yaushe nake kasuwa ba. Ni na ɗauka mara lafiya ne, nake ƙyale shi." Ya ɗan tsaya. "Waɗanda sunka zo Gawo 'ya'yan daji ne. Sun san mashaya tun kafin a yi waya. Abin da suke saye shi ne ranar da maza ba su nan, wannan kuwa ban ji an karanta shi ba."

Zulai'atu ta ji numfashinta ya sauka.

"Amma ban ce ba shi ba ne," in ji Jauro. "Cewa na yi ban sani ba."

Sarkin Ruwa ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce ba a kama mutum da ban sani ba, ba a kuma sakinsa da ita. Ya ce tun zamanin kakanni, baƙon da ya sauka bakin ruwan nan yana da mai masauki, ɗan gari da ke tsaya masa in magana ta taso, abin da baƙon ya ɓata a wuyansa yake. In akwai mai tsaya wa Philip, zai koma rumfarsa da sharaɗi. In babu, 'yan sa-kai su tafi da shi su yi bincikensu.

Philip ya ɗago. "Ranka shi daɗe, shekarata arba'in da ɗaya a garin nan."

"Na sani. Wa ya sauke ka?"

"Marigayi Mamuda."

Mamuda shi ne mijin Zulai'atu, uban Nasiru. Idanu suka koma kan Nasiru. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallon jajayen ɗigon. Akwai masu jirgi a zauren da Philip ya gyara wa inji tun suna samari, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Zulai'atu ba ta taɓa magana a zauren nan ba. Muryarta ta fita ƙarama, sai da ta sake.

"Ranka shi daɗe, gidan Mamuda bai mutu ba."

"Inna," in ji Nasiru.

"Yi mini shiru. Ni na kawo maganar, kowa shi sani. Dubawa na ce a yi, an kuwa duba. Abin da aka gani wauta ce, ita kam na gan ta da idona. Sauran ban gani ba. Na tsaya masa. In wata saniya ta sake ɓata aka bi sawu ya biyo ta kansa, a fara da nawa biyun da ke hannun Jauro."

Sarkin Ruwa ya tambaye ta ko ta san nauyin abin da ta faɗa. Ta ce ta sani. Ya tambayi Nasiru ko yana ja da uwarsa. Nasiru ya ce ba ya ja, amma bai ɗaga kai ba.

Sharaɗin biyu ne. Philip ba zai sake taka wata mashaya ba, da waya ko ba waya. Kuma duk abin da ya sa a shafin nan za a share shi yanzu, a gaban kowa. Nasiru ya lalubo wurin sharewar, ya miƙa masa, ya ce shi zai danna da hannunsa. Hoto dubu ɗaya da ɗari tara da wani abu ne, na wata goma. Philip ya tambaya ko za a bar masa guda ɗaya, mai yagaggun fukafukan nan da ya ƙetaro Sahara, tun da malamin Sifen ya ce zai sa shi a cikin aikinsa.

"A Gawo ka ɗauke shi," in ji Nasiru.

Philip ya danna. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake dannawa.

Mutane suka watse ba tare da sun gamsu ba. A hanya Zulai'atu ta ji wani na cewa tsohuwa ta sayi rigima da shanunta, wani kuma na cewa ai an share shaida ke nan. Philip na tafiya a gabanta, taku goma tsakaninsu, bai waiwayo ba. Ita ma ba ta kira shi ba. Tana tafe tana auna maganar Jauro, tana kuma auna tsayawar nan da ya yi da loma a hannu ranar da ta ambaci mashayar Kuka. Mutum na iya tsayawa haka don an kama shi. Yana kuma iya tsayawa don kunyar an ga dattijo kwance cikin taɓo. Ta tsaya masa a gaban gari, amma a cikinta ba ta gama yanke hukunci ba, ta kuma san daga yau duk shigarsa da fitarsa a kan idonta ne.

Da azahar bai zo cin abinci ba. Bencin gaban rumfarsa, wanda ba ya rabuwa da masu jira da masu hira, ya wuni ba kowa. Masu jirgi biyu sun sauke injinansu sun wuce da su can gaba wurin wani makanike, suna kallon ruwa don kada su haɗa ido da shi.

Sai da la'asar wani mai jirgi daga tsallake, wanda labari bai kai masa ba, ya iso da inji a kafaɗa yana haki, ya ce tun tsakiyar tafki yake tari. Philip ya tashi ya taya shi saukewa, ya ɗaura injin a jikin ganga, ya tambaye shi yaushe rabonsa da canza fulogi. Mutumin ya ce ya manta. Philip ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya zaɓi sifana mai lamba goma, ya fara kwance murfin.